BASHIN KARATU: A BUƊE WA ƊAN TALAKA ƘOFAR AIKI, KADA A BAR SHI DA ƘOFAR KABARI

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa na ƙasar Bici, manoma da 'yan kasuwa, masu awo da masu tireda, mahauta da maɗinka da 'yan koli, da iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida! Yau maganar bashi za mu yi, watau bashin nan na karatu da Gwamnatin Tarayya take bai wa 'ya'yanku. Mun san akwai gidaje da yawa daga Badume zuwa Saye, daga Yallami zuwa Ɗanzabuwa, waɗanda suka yi murna ran da kuɗin ya shigo. Ba mu ga laifinsu ba, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma fa ranar karɓa dabam, ranar biya dabam. Ranar biya tana tafe, ita ce kuwa muke so mu yi shirinta tun yanzu.

ABIN DA DOKA TA CE

Bari mu fara da abin da ke rubuce, don kada wani ɗan kanzagi ya ce mun yi wa gwamnati ƙage. Ran 29 ga Mayu 1999 aka koma mulkin farar hula, ran 29 ga Mayu 2023 kuwa Shugaba Bola Tinubu ya hau, ya janye tallafin man fetur a ranar nan. Kuɗin mota ya tashi, kwanon hatsi ya tashi, jami'o'in tarayya kuma suka yi ta ƙara kuɗin rajista, har da Jami'ar Bayero ta nan Kano. Cikin wannan hali ne, ran 12 ga Yuni 2023, ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai. Dokar ta farko ta ce sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, kuma sai ya kawo manyan mutane biyu su tsaya masa, irin lauya ko babban ma'aikacin gwamnati. To, ina ɗan mai sayar da daddawa zai samo lauya? Da kuka ya yi yawa sai aka soke ta, aka sake wata ran 3 ga Afrilu 2024, aka kafa asusun da ake kira NELFUND, aka fara karɓar masu nema a watan Mayu na shekarar.

Ga yadda abin yake. Asusun yana biya wa ɗalibin makarantar gwamnati kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, ya kuma ba shi naira 20,000 a wata na guzuri. Babu kuɗin ruwa, wannan kam mun yaba, gaskiya ɗaya ce. Ba za a fara bin sa ba sai bayan ya gama bautar ƙasa da shekara 2. Daga nan sai a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa kowane wata har ya gama. Wanda bai sami aikin yi ba zai rantse a kotu a ɗaga masa ƙafa, in kuwa ya yi rantsuwar ƙarya ɗaurin shekara 3 ne.

To, yaushe ake yafe bashin? Ku saurara da kyau. Doka ta ce ana yafewa in mutum ya mutu, ko kuwa wata ƙaddara daga Allah ta same shi har ya kasa biya. Shi ke nan. Watau ɗan talaka ba shi da hanyar da zai fita daga bashin nan ba tare da biya ba, sai ta makabarta ko ta gadon jinya. Ko da ya yi shekara 20 yana koyar da 'ya'yan jama'a a ƙarƙashin darbejiya, ko yana karɓar haihuwa da tocila a asibitin ƙauye, doka ba ta san ya yi kome ba. Wannan shi ne abin da muka ce ba mu yarda da shi ba.

MU YI LISSAFI

Ku 'yan kasuwa ba a koya muku lissafi, sabo da haka mu buga shi tare. A ce yaro ya yi shekara 4 a jami'a, ana biya masa naira 100,000 kowace shekara, ya kama 400,000. A ce ya karɓi guzuri na wata 10 a kowace shekara, ya kama 800,000. Jimla naira miliyan 1 da dubu 200.

Yanzu a ce yara biyu ne suka ci wannan bashi, ajinsu ɗaya. Na farko ubansa yana da wanda ya sani, aka sama masa aiki a banki ko kamfanin waya a Abuja, albashi 400,000. Za a riƙa cire masa 40,000 a wata, cikin shekara 2 da rabi ya wanke hannunsa. Na biyu ya komo gida, aka ɗauke shi malamin makaranta a Kyalli ko Muntsira, a ce albashinsa 80,000, tun da mafi ƙarancin albashi da Jihar Kano ta yanka a 2024 naira 71,000 ne. Za a riƙa cire masa 8,000 a wata, watau 96,000 a shekara. Kafin ya gama sai ya yi shekara 12 da rabi. Zai yi aure da bashi, a raɗa wa ɗansa suna da bashi, ɗan ya gama firamare uban bai fita ba.

Jama'a, wane ne a cikin yaran nan biyu ya fi yi wa ƙasa aiki? Wane ne kuma doka ta fi daɗewa tana riƙe da wuyan rigarsa? Duk yaron da ya iya lissafi zai ga abin da dokar ke faɗa masa: in kana son ka huta, guje wa ƙauyenku, guje wa alli da allo, nemi inda kuɗi yake. Sa'an nan a dawo ana tambaya wai me ya sa babu malamai a karkara!

Babu su kuwa. Ba mu muka faɗa ba, Gwamnan Kano da kansa, ran da ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni 2024, ya ce akwai makarantu fiye da 400 a jihar nan da malami ɗaya tak ke riƙe da dukan azuzuwa. Hukumar UNESCO kuma a 2022 ta ƙiyasta yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun kai kamar miliyan 20, kowa ya san Arewa ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku da kanku kun san asibitocin da ƙarfe 2 na rana an sa kwaɗo, mace ta fara naƙuda da dare sai a nemi mota zuwa Bici ko Kano, wata a kai, wata a komo da ita a hanya. Alhali kuwa ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya a cikin garin Bici, kowace shekara tana yaye malamai, su bi titin Kano su tafi neman abin yi.

ABIN DA MUKE NEMA

Muna neman a gyara dokar 2024, a buɗe ƙofa ta biyu, watau ƙofar aiki. Ga yadda muke so ta kasance.

Na ɗaya, duk wanda ya ci bashin nan, ya kama aikin koyarwa a makarantar gwamnati, ko aikin jinya, ko ungozoma, ko malamin gona, ko malamin dabbobi, a ƙauye ko unguwar talakawa da aka tantance tana da ƙarancin ma'aikata, a yafe masa kashi ɗaya cikin biyar na bashinsa a kowace shekarar da ya cika. Shekara 5 ya fita fes.

Na biyu, muddin yana kan wannan aiki kada a taɓa ko kwabo a albashinsa da sunan biyan bashi.

Na uku, shekarar bautar ƙasa a lissafa ta, in a irin waɗannan wurare aka yi ta. Tun 1973 da Janar Gowon ya kafa bautar ƙasa, 'ya'yan jama'a ke riƙe da makarantun ƙauye a kan ɗan alawus. Masu takardar NCE da ba sa zuwa bautar ƙasa kuwa, a fara lissafa musu daga ranar da suka kama aiki.

Na huɗu, wanda ya yi shekara 2 ko 3 ya ga ba zai iya ba, a bar shi ya tafi da abin da aka riga aka yafe masa, ya biya saura. Ba bauta muke nema a dawo da ita ba. A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai ya kawo ƙudurin a hana sababbin likitoci cikakken lasisi sai sun yi shekara 5 a ƙasa, likitoci suka yi ca a kansa. Wancan tilas ne, namu kuwa ciniki ne, kowa ya ga ya yi masa ya shiga.

Na biyar, yafiyar nan ba ta zama madadin albashi ba. Malami ya karɓi albashinsa cif, a kan lokaci.

BA BAƘON ABU BA NE

Za su ce mun kawo sabon abu. Ina! Ku tambayi dattawa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, don horar da malamai aka gina ta. Ana koyar da yaro, a ciyar da shi, in ya gama a tura shi aji ya biya da guminsa. Ta haka Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano ma da ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, Bauci aka tura shi koyarwa, daga baya Maru. Ba wanda ya bi su da takardar bashi. Da kuɗin wa aka yi musu karatu? Da harajin kakanninku da jangalin Fulani. Da gyaɗar da aka noma a ƙasar nan tamu, aka auna ta da arha, aka tara ta dala-dala a Kano, Hukumar Ciniki ta riƙe ribar. Abin da NEPU ta yi kuka a kansa tun kafuwarta ran 8 ga Agusta 1950 shi ne, talaka ke biya, amma 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e ke shiga gaba. Har a zamanin UPE na 1976, ɗaliban kwalejojin horon malamai karatu kyauta suka yi, ana ciyar da su, ana ba su alawus, don ƙasa tana bukatar malamai.

Mutanen da suka ci wannan gajiya, da waɗanda suka yi jami'a bayan an soke kuɗin karatu a 1977, su ne manyan ƙasar nan. Sun hau da tsani, da suka kai bisa sai suka janye shi, suka jefo wa na ƙasa igiyar bashi.

Ko a Amurka, ƙasar da ba ta wasa da kuɗi, tun 2007 suka yi doka cewa wanda ya ci bashin karatu na gwamnati, ya yi shekara 10 yana aikin jama'a yana biyan rabonsa wata 120, a yafe masa saura. Suna da wani tsari kuma na malaman makarantun marasa galihu, wanda ya yi shekara 5 a jere a yafe masa har dala 17,500. Kafin ƙarshen 2024 mutum fiye da miliyan 1 sun sami yafiya ta hanyar dokar farko. To, in masu jari-hujja sun gane cewa aikin malami kuɗi ne, mu me ya hana mu ganewa?

Amma akwai darasi a nan da ya kamata mu riƙe. Lokacin da mutanen farko suka cika shekara 10 a can, kamar mutum 28,000 suka nema zuwa tsakiyar 2018, aka yafe wa 96 kaɗai. Mafi yawan sauran aka kore su, wannan wai takardarsa ba ta cika ba, wancan wai irin bashinsa ba ya ciki. Sai da aka yi shekaru ana shari'a da gyare-gyare kana abin ya daidaita. In haka ta faru a Amurka, ina ga ƙasar da fayil ke ɓata sai an ba masinja na goro? Sabo da haka muna cewa tun yanzu: kada a ce sai da takardar ɗan majalisa, ko ta shugaban jam'iyya, ko ta hakimi. Sunan ma'aikaci yana cikin takardar albashi, sunansa yana cikin kwamfutar asusun, a haɗa biyun, ƙarshen shekara a soke abin da ya kamata a soke, a aiko masa da saƙo a waya. Shaidar cewa yana zuwa aiki kuwa, hedimasta da kwamitin iyayen yara su bayar, a manna sunayen a ƙofar makaranta da sakatariyar ƙaramar hukuma kowa ya gani. Ta haka ɗan wani babba ba zai zauna a Nasarawa cikin sanyin na'ura ba, sunansa yana koyarwa a Kwamarawa.

MASU CEWA BABU KUƊI

Mun san amsarsu tun kafin su buɗe baki: asusun zai karye, na baya ba za su samu ba. To, mu koma ga lissafi. Bashin miliyan 1 da dubu 200 in aka raba shi shekara 5, naira 240,000 ne a shekara, watau 20,000 a wata. Da naira 20,000 a wata gwamnati za ta zaunar da malami mai digiri a ƙauye. Ina cinikin da ya fi wannan arha? Bugu da ƙari, bashin da babu ruwa a kansa, aka ce za a karɓe shi kaɗan-kaɗan cikin shekara 12, ku da kuke sayen kaya kun san abin da naira za ta zama kafin nan. Abin da gwamnati za ta tara daga wurin malamin ƙauye bai taka kara ya karya ba, amma shi 8,000 ɗin nan a wurinsa cefanen kwanaki ne.

Sa'an nan wa ya ce ba a yafe bashi a ƙasar nan? A 2005 ƙasashen da ke bin Nijeriya, waɗanda ake kira Kulob na Paris, suka yafe mata dala biliyan 18, aka yi ta biki. A 2009 Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 don ceto bankunan da manyan attajirai suka ci bashi suka ƙi biya. A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukansu na tiriliyoyin naira. A 2023 jaridu suka ba da labarin motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, wasu kamar naira miliyan 160 kowace guda. Kuɗin mota ɗaya ya isa ya wanke bashin malamai 133 irin wanda muka lissafa. Ashe kuɗi akwai, sai in maganar talaka ta taso ne baitulmali ke bushewa.

Kada kuma a manta asalin kuɗin asusun. Dokar 2024 ta ware masa kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke karɓa. Wa ke biyan harajin? Duk wanda ya sayi katin waya, ko sabulu, ko batir. Kuɗinku ne aka ranta wa 'ya'yanku. In mun ce a karɓi biya da aiki a makarantunmu da asibitocinmu, masu kuɗin ne suka yi magana.

Wasu kuma za su ce, ai bashi bashi ne, Musulmi ba ya gudun biya. Haka ne, mu ma mun san nauyinsa, mun san har gawa ana tambaya ko ana bin ta kafin a sallace ta. Don haka ne ma ba mu ce kowa ya ci ya gudu ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, mu kuwa askin muke cewa a ƙirga. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da ake bai wa zakka, kuma mai bin bashi in ya ga wanda yake bi yana cikin ƙunci an umurce shi ya saurara masa, in ya yafe ya fi masa alheri. In ana neman haka daga mai tireda, ina ga hukuma?

Alkawarin baka kuwa mun ƙoshi da shi. A watan Oktoba 2021 Ministan Ilmi na lokacin, Adamu Adamu, ya yi shelar za a riƙa bai wa masu karatun malanta naira 75,000 kowane zango a jami'a, masu NCE 50,000. Ku tambayi 'ya'yanku da ke kwalejin Bici, mutum nawa suka gani a hannunsu. Sabo da haka a doka muke so a rubuta, baƙi a kan fari.

ABIN DA ZA MU YI

Allah ya sa maganar nan ba ta yi mana nisa ba. A 2023 aka naɗa ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Bici, Abubakar Kabir Abubakar, shugaban kwamitin kasafin kuɗi na majalisar. A 2023 ɗin kuma aka zaɓi Sanatan Kano ta Arewa, Barau Jibrin, Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa. Da ƙuri'ar ƙasar nan suka tafi. Ba mu roƙe su shinkafa ba, ba mu roƙe su atamfa ba. Layi kaɗan muke so su ƙara a cikin doka. In sun yi, za mu buga a wannan shafi mu yaba, ko da ba jam'iyyarmu ɗaya ba. In sun ƙi, shi ma za mu buga.

Gwamnatin Jihar Kano ma kada ta fake da Abuja. Ita ke ɗaukar malamai da ma'aikatan asibiti, ba abin da ya hana ta ta ce duk wanda ta tura ƙauye za ta riƙa biya masa kashi ɗaya cikin biyar na bashinsa kowace shekara. A jihar nan ne Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, bai jira izinin Ikko ba.

Ku kuma 'yan'uwa, ga naku aikin. Kowane reshe na jam'iyya a mazaɓu 11 na Bici ya zauna, a rubuta yaran da suka ci bashin nan da abin da ake bin kowa. A rubuta makarantun da ba su da isassun malamai, da asibitocin da ba su da ungozoma. Shugabannin 'yan kasuwa su zaga rumfa-rumfa da takardar koke, mai iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala. Iyaye ku ce wa yaranku su adana kowace takarda da kowane saƙo na abin da aka biya musu, don kada gobe a bi su abin da ba su ci ba. Duk mai neman ƙuri'a da ya shigo kasuwa da lasifika, ku tare shi da tambaya ɗaya: za ka sa hannu a yafe wa malamin ƙauye bashinsa, ko ba za ka sa ba? Kada ku karɓi "za mu duba".

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haraji ma da aka ce ba ya sokuwa, da talakawa suka haɗa kai ya soku. Allah ya raba 'ya'yanmu da ƙangin bashi, ya ba talaka sawaba. Amin.